Yadda Ake Samo Kayan Gyaran Da Suka Dace Idan Ana Tayar Da Tsohuwar Mota

Tun ranar da na janye Peugeot 504 ta mahaifinmu, Allah ya jiƙansa, daga gindin darbejiyar ƙofar gida inda ta shekara goma sha ɗaya a kan bulo, har ta kai ga shiga cikin garin Bauchi da ƙafarta, tambaya ɗaya ake yi mini. A masallaci, a gidan mai, a wajen ɗaurin aure, har da masu aiko saƙo daga Azare da Gombe: "Malam, ina ka samo kaya?" Wani Fijo ce da shi irin tawa, wani Marsandin kakansa ce, wani kuma Beetle ce da kaji suka mayar akurki.

Kaya suna nan, ba su ƙare ba. An harhaɗa 504 a Kaduna tun daga 1975 har zuwa tsakiyar shekarun 2000, shi ya sa da wuya ka shiga gari a Arewa ka rasa gawarta a bayan wani gareji. Inda gizo ke saƙar shi ne gane naka a cikin goma masu kama da shi. Kusan duk kuɗin da na yi asara a wannan aiki magana ɗaya ce ta cinye su: "zai shiga." Ga yadda nake bi yanzu, daki-daki. Da 504 zan fi kawo misali don ita na sani ciki da bai, amma hanyar ɗaya ce ga kowace tsohuwar mota.

1. Ka fara sanin wace mota ce a gabanka

Kayan aikin wannan mataki ba su da tsada: littafi, biro, tsumma, ɗan kananzir, buroshin ƙarfe, alli, da wayarka. Buɗe bonet ka nemi ƙaramin farantin ƙarfe da kamfani ya manna a jikin bodi, a nan lambar shasi take. Lambar inji kuma a jikin injin aka buga ta, yawanci baƙin mai da ƙurar shekaru sun binne ta. Wanke wurin da kananzir, ka goge, ka shafa alli don rubutun ya fito, ka ɗauki hoto, sannan ka rubuta da hannunka. A Beetle lambar shasi tana ƙarƙashin kujerar baya, ta inji kuma tana gindin ƙafar da ke riƙe da janareto. Motocin da aka ƙera daga 1981 zuwa sama galibi lambar shasinsu haruffa da alƙaluma 17 ce, ta waɗanda suka girme su ta fi gajarta.

Me ya sa wannan wahala? Saboda sunan mota shi kaɗai ba ya sayen kaya. A 504 mai fetur akwai inji 1.8, wanda faɗin fistinsa milimita 84 ne, akwai kuma 2.0 mai milimita 88, ban da masu dizal. Ƙafar bayan salun daban take da ta wagon, ta wagon daban da ta a-kori-kura mai safirin fallayen ƙarfe. A salun ɗin ma wata birkin bayanta faifai ne, wata ganga. Haka Mercedes 200 mai bodin W123: waɗanda aka yi kafin 1980 injin M115 gare su, na baya kuma M102. Suna ɗaya, bodi ɗaya, amma gaskit ɗin wannan ba ya hawa wancan. Farkon lambar shasi ne ke raba gardama, 123.020 ko 123.220.

Gargaɗi: kada ka dogara da takardun mota ko tambarin da ke jikin but. Motar da ta shekara arba'in ta ratsa hannun kanikawa barkatai. Takardar tamu 2.0 ta ce, ni kuwa na tafi da ƙarfin gwiwa na sayo ringi da gaskit ɗin 2.0. Da aka ɗaga kan inji, tsohon bakaniken da ke yi mini aiki ya ɗora ringi ɗaya a bakin silinda, ya dube ni ya ce, "Ɗana, wannan ba injinta ba ne." Ashe tun zamanin Baba an taɓa sauke injin an ɗora 1.8, ba wanda ya tuna a gida. Mai shago kuma ya ce an buɗe kwali, ba ya karɓa.

Idan motarka ta girmi Afrilun 1972, lokacin da Nijeriya ta koma tuƙi a hannun dama, duba ko sitiyarinta na dama ne, ko an juya shi daga baya. Wannan yana shafar akwatin sitiyari, dashbod, wayar totur da fitilun gaba.

2. Kwancewa da ajiya

Kafin sifana ta taɓa komai, ɗauki hoto ta kowane ɓangare. Duk abin da aka cire a sa shi a leda tare da notinansa, a rubuta sunansa da gefen da ya fito, hagu ko dama. Ledojin su shiga kwali, kwalin kuma ya kwana a gidanka.

Gargaɗi: kada a yar da tsohon kaya, ko da ya karye biyu, sai sabon ya hau mota ya yi aiki. Shi ne samfurinka, shi ne shaidarka a kasuwa. Ka faɗa wa yaran gareji wannan da bakinka tun ranar farko, don ƙarfen da aka bari a ƙasa da la'asar, kafin magariba ya hau sikelin 'yan gwangwan.

3. Karanta lamba, in babu lamba ka auna

A nan ne aikin yake, kuma a nan ne mutane suka fi gajen haƙuri.

Kamfanin mota ba shi ke ƙera komai da kansa ba, sayo abubuwa da yawa yake yi daga wasu kamfanoni, kuma yakan canza mai kawo masa kaya daga shekara zuwa shekara. Distirbutar 504 ɗinka tana iya zama ta Ducellier, ta maƙwabcinka ta Paris-Rhône, kuma kwantak da murfin ɗaya ba sa zama a ɗayar. Kafireta tana iya zama Solex ko Zenith, kowace da nata gaskit da nata allura. Birki akwai na Girling, akwai na Bendix, fad ɗinsu ba siffa ɗaya ba. Don haka in ka je shago ka ce "kwantak na 504", rabin magana ka yi. Wanke tsohon kayan tas ka nemi sunan maƙerinsa da lambarsa. Kafireta takan zo da ɗan ƙaramin faranti a maƙale da ɗaya daga cikin sukurorinta, kada ka bari ya ɓata. Kayan Bosch lambarsu alƙaluma goma ce, da yawansu suna farawa da sifiri. Mercedes kuwa ta sauƙaƙa wa mutane, kusan kowane ƙarfe da roba tana buga masa lamba a jiki, kuma ukun farko sukan nuna dangin motar ko injin, kamar 123 ko 115 ko 102.

Akwai kayan da ba ruwansu da sunan mota sam. Boris lambarsa ta duniya ce: in ka ga 6203, ko'ina ka je raminsa milimita 17 ne, faɗinsa 40, kaurinsa 12. Oyel sil alƙaluma uku ne a jikinsa, ciki da waje da kauri. Fanbel faɗi da tsawo. Irin waɗannan ka neme su da lamba a shagon masu boris, sau da yawa za ka samu mai kyau da arha fiye da in ka ambaci tsohuwar mota.

In lamba ta goge, sai awo. Ka sayi ma'aunin kalifa, wannan mai baki kamar sifana da ke nuna milimita. A ganina babu kuɗin da na kashe a motar nan da ya biya kansa kamar nasa. Da shi za ka auna faɗin rami, kaurin faifan birki, bakin tiyon lagireto. Abin da ba a aunawa kuma a ƙirga shi: haƙoran da ke tsakiyar faifan kuloci, haƙoran bakin kik, yawan ramukan noti da tazararsu. Wilin 504 rami huɗu ne a kan da'irar milimita 140, wadda ta fi ta yawancin motoci faɗi, saboda haka ba kowane wili mai rami huɗu ne zai zauna ba, komai kyansa.

Gargaɗi: kada ka sayi metal, wato ɓawon ƙarfen da karanshaf ke juyawa a cikinsa, kafin a kai karanshaf wajen masu tana su auna. Wataƙila an taɓa yanka shi sau ɗaya ko sau biyu. Su ne za su ce maka sitanda ne, wato ba a taɓa yanka shi ba, ko 010, ko 020, gwargwadon yankan da aka yi masa. Metal da bai dace ba yakan kashe inji cikin 'yan kwanaki, kuma asarar ta fi ta ringina nesa ba kusa ba.

4. Raba jerin gida uku, ka tsara kuɗi

Yanzu kana da jeri mai lambobi. Raba shi.

Kashi na farko, waɗanda dole sabo: duk abin da yake roba ko ya shafi tsayar da mota. Tiyon birki, robobin cikin masta, fad da shu, tarod, bol-joyin, bushin, tiyon ruwa da na mai, gaskit, oyel sil, fanbel, filta, taya. Zafin Bauchi ba ya barin roba da rai. A jikin taya ka duba alƙaluma huɗu na ƙarshen layin da ya fara da DOT: biyun farko mako, biyun ƙarshe shekara. Tayar da ta haura shekara shida ka bar ta, ko da zanenta bai ci ba.

Kashi na biyu, waɗanda na hannu ya fi sabon yau: ƙofofi, bonet, bamba, fitilu, hannun ƙofa, dashbod, giyabos, aksul. Fitilar gaba ta asali mai tambarin Cibié ko Marchal a gilashinta, ko ta shekara talatin, ta fi sabuwar kwaikwayo da za ta dushe a damina ɗaya.

Kashi na uku, waɗanda gyara ya fi canji: kik da altaneta a wajen riwaya, lagireton tagulla da ake iya buɗewa a wanke a liƙe, kafireta, kan inji. Na ga mutane sun yar da lagireton asali sun ɗaura na roba, bayan wata shida suna neman wanda suka yar.

Akwai kuma abin da nake kira tsohon sabo, wato kayan kamfani da suka kwana shekara ashirin ko talatin a kwali a lungun shago ba a taɓa ɗaura su ba. In ƙarfe ne, fistin ko famfon baƙin mai ko haƙorin giya, ka yi wuf da shi. In roba ce, lanƙwasa ta a gaban mai shagon, za ka ga ta tsattsage.

Batun kuɗi: farashi yana bin dala, don haka ka tambayi shago uku a rana ɗaya kafin ka ciro ko sisi. A lissafinka kada ka tsaya ga kuɗin kaya kawai, ka sa kuɗin mota zuwa Jos ko Kano da dawowa, la'adar dillali, kuɗin aike a tasha, da ladan bakanike. Sannan ka ware kashi ɗaya cikin huɗu na dukan kuɗin ka ɓoye, don ba a taɓa buɗe tsohon inji ba a tarar da abin da ba a zata ba. Tsarin kashewa kuwa: birki da sitiyari tukuna, sai inji da sanyayarsa, sai wuta, fenti da kujeru su zo ƙarshe. Mai fara fenti yakan ƙare da kyakkyawar mota a kan bulo.

5. Inda ake nema, daga kusa zuwa nesa

Fara da mutane kafin shaguna. Tsofaffin kanikawan Fijo da tsofaffin direbobin tasha, waɗanda suka ci zamanin wagon a hanyar Jos da Kano da Gombe, sun san inda kowace gawa take kwance. Ka je ka gaishe su da ladabi, ka zauna a kan benci, kada ka nuna gaggawa. Ta bakin ɗaya daga cikinsu na ji labarin wata salun a wani ƙauye a hanyar Darazo, injinta ya mutu amma jikinta lafiya lau. Na saye ta ɗungurungum. Ƙofofi biyu, gilashin baya, bamba, makullan ƙofa da tulin ƙananan sukurori da ba za ka taɓa samu a shago ba, duk daga jikinta suka fito, kuma da ɗai-ɗai na saya da kuɗin sun ninka. In kana da filin ajiya, wannan ita ce hanya mafi arha.

Muna da sa'a guda a nan: ƙasarmu busasshiya ce. Bodin motar da ta rayu a Misau ko Ningi ya fi na wadda ta sha iskar teku a Legas, ya kuma fi na Beljiyam da gishirin titin hunturu ya ci ta ƙasa. Kayan bodi a gida za ka neme su.

In gida ya gaza, sai Dilimi a Jos, Ƙofar Ruwa a Kano, Panteka a Kaduna. Bayan su sai Ladipo a Legas da kasuwar Nnewi. Ƙasar waje ita ce ta ƙarshe.

Gargaɗi: matacciyar mota ma tana da mai ita. Ka ga takardunta, a rubuta yarjejeniya da shaidu, in ta gado ce ka tabbata magada sun yarda. In inji ka saya, a rubuta lambarsa a rasit. Kayan da aka kawo maka da dare a rabin kuɗi, ba rasit, ba shago, ka bar su inda ka gan su.

6. A gaban shago

Tafi da tsohon kayan a hannu, da kalifa a aljihu. Ajiye tsoho da sabo gefe da gefe a kan tebur. Ramuka su fuskanci juna, tsawo ya zo ɗaya, bakin waya ya zama iri ɗaya. Ɗaga su ka ji nauyi, jabu kusan kullum ya fi sauƙi. Dubi kwali: rubutu mai dusashewa, harafin da aka rubuta ba daidai ba, lambar kwali da ta saɓa da ta jikin kaya, duk alamu ne. Kayan kirki lambarsu a buge take a jikin ƙarfe, gefunansu sumul, ba kaifin zubi.

Kayan hannu kuma gwada su ake yi, ba a saye da ido. Kik a haɗa shi da batir a gabanka, ka ga bakinsa ya fito da ƙarfi ya koma. Altaneta a kai wa riwaya, in tana caji za ta ba da wajen bolt 14. Lagireto a toshe bakunansa a hura masa iska a cikin ruwa, kumfa ta nuna inda yake yoyo. Kafireta ka kama sandar totur ka girgiza, in tana wasa a raminta iska za ta riƙa shiga, kuma ba bakaniken da zai iya saita maka silo, wato juyin inji lokacin da ba a taka totur ba. Giyabos a juya shi da hannu a kowace giya, a buɗe notin mai ka shafa a yatsa, in ka ga ƙyalƙyalin garin ƙarfe ka ajiye. Kan inji a ɗora masa miƙaƙƙen ƙarfe a ga ko ya banƙare, a duba tsaga tsakanin bawul da bawul. Wanda aka wanke aka fesa masa sabon fenti ya fi ba ni tsoro a kan mai datti, don fenti yana rufe walda.

Kafin ka biya, ku yi magana a fili: "Alhaji, in bai hau ba zan dawo da shi cikin kwana uku." A rubuta a bayan rasit, ka sa wa kayan wata 'yar alama a gabansa don kada gardama ta tashi. Wanda ya ƙi wannan sharaɗi a kan kayan hannu ya san abin da ya sani.

Gargaɗi: in mai shago ko dillali ya ce "ba iri ɗaya ba ne amma zai shiga", ka tambaye shi me za a yanka ko a huda kafin ya shiga. Gaskiya ne 504 da 505 masu injin 2.0 na kafireta sun yi tarayya a kayan inji da yawa, amma lamba da awo ne za su tabbatar maka, ba rantsuwa ba. Kuma ka riƙe labarin cewa motar mahaifinka ce a cikinka har a gama ciniki.

7. Saye daga nesa

In Kano ko Legas za a aiko maka, tura hoton tsohon kayan da lambarsa da awonsa. Shi kuma ya turo hoton ainihin wanda zai sa a mota, da lambar a fili, da ma'auni a jikinsa. Ya fi kyau wani naka ya je ya gani kafin kuɗi su fita. Gilashi da fitila a naɗe su da katifa a sa a kwali mai ƙarfi, ka karɓi lambar direba, ka buɗe a tasha a gabansa.

A intanet da lambar kaya ake nema, ba da suna ba. Kayan Peugeot sun fi yawa a Faransa, kuma sashen tarihin kamfanin, L'Aventure Peugeot da ke Sochaux, yana sayar da wasu kayan tsofaffin motocinsa. Sai dai ka lura: na Ingila da na Kenya na motoci masu sitiyarin dama ne, kuma 504 da aka yi a Ajantina har 1999 ta sha canje-canje a fitilu da dashbod. Ka haɗa kuɗin jirgi da na kwastan kafin ka yanke shawara. Ni ƙananan abubuwa marasa nauyi kawai nake odarsu, kamar kayan cikin kafireta da robobin gilashi.

8. Kafin a ɗaure noti

A fara gwada kayan a wurinsu ba tare da gam ko ƙarfi ba. Abin da yake na wurin da hannu yake zama. In ka ga an ɗauko guduma ko injin gurza, tsayar da aikin. A birki da sitiyari kuwa babu walda, babu huda, babu "bari mu ɗan gyara shi", don rai ne a kai.

Gargaɗi ga masu 504: silindojin injin nan hannun riga ne da ake zarewa, ruwa yana zagaye su. In an cire kan inji, kada kowa ya juya karanshaf sai an danne su da noti da washa. In suka ɗaga ko kaɗan, abin da ya liƙe gindinsu ya saki, ruwa zai gangara cikin baƙin mai, kuma sabon gaskit ɗinka ba zai hana ba.

A riƙa ɗaura abu ɗaya ana gwadawa kafin na gaba, don in matsala ta fito a san mai laifi. Kwali da rasit su zauna har mota ta yi mako biyu a titi. Duk abin da ya hau daidai, rubuta lambarsa da shagon da ka samo shi a littafin nan na mataki na farko. In abu ne mai wuyar samu kuma aljihu ya yarda, sayi biyu, ka shafa wa na ƙarfe giris, na roba ka sa a leda a ɗaki mai sanyi inda rana ba ta kaiwa. A but ɗina kullum akwai fanbel, kwantak, kwandansa, murfin distirbuta da fulogi huɗu, duka masu lambar da na riga na gwada, saboda in ta tsaya maka tsakanin Bauchi da Ningi da yamma, ba shagon da zai buɗe maka kafin gari ya waye.